Daga Dadin Kowa zuwa teku: zan iya kamun kifi a Legas a watan Yuli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Gombe, duk Asabar ina jefa fatsa a madatsar Dadin Kowa don nishaɗi. Za a tura ni kwas Legas a watan Yuli. Na ga Amurkawa suna cewa a watannin nan ake kama manyan kifaye a tsakiyar teku. In yi hayar jirgi in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye kuɗin hayar nan tukuna. Yuni zuwa Agusta lokacin zafi ne a Amurka, ruwansu ya yi ɗumi, kifi ya matso. A Legas kuwa tsakiyar damina ce. Iska tana kaɗowa daga kudu maso yamma, taguwar ruwa tana tashi, ƙaramin jirgi sai ya yi ta rawa. Wanda ya saba da kwanciyar ruwan Gongola, amai da hajijiya za su hana shi riƙe sanda. Kifin tuna da sauran kifayen zurfi sai ka bari daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da teku ke lafawa.

Bakin gaɓa ne naka a Yuli, amma akwai abin da madatsa ba ta koya maka ba: ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana. Kusan awa 6 yana hawa, awa 6 yana sauka, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Idan ruwa ya tsaya cak, kifi ma ya kame baki. Da ya fara motsi, ƙananan kifaye da jatan lande sun taso, manya sun biyo su. Lissafin watan Musulunci zai taimake ka: a tsayuwar wata da daren 14 cikar ta fi ƙarfi.

Ruwan sama kuma yana tsarma gishirin tafkin Legas har ya kusa zama ruwan daɗi, sai kifin gishiri ya koma wajen mashigar teku, ta yankin Tarkwa Bay. Can ake samun barakuda, nau'in kifin teku mai farautar ƙananan kifaye. Haƙoranta kamar reza suke, zaren da kake jawo tarwaɗa da shi cizo ɗaya za ta tsinke shi. Ɗaura siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya, ka sa jatan lande ko yankan kifi a maimakon tana. Duwatsun wurin suna da santsi, kada ka juya wa teku baya, kuma kada ka je kai kaɗai. Ko kwale-kwalen ƙetarawa za ka hau, sa rigar hana nutsewa.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Da ka dawo masauki, ɗauraye ƙugiyoyi da abin naɗe zare da ruwan famfo, ka shafa musu mai, in ba haka ba kafin ka koma Gombe tsatsa ta cinye su.