Tambayi Malamin Gona: Takin Ciyawar Gida da Ruwan Gulbi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gidanmu a Argungu yana dab da fadama, kwatarmu ma can take zuba. Bara na sa aka dasa ciyawa a tsakar gida don yara su samu wurin wasa. Mai kula da ita yana watsa mata yuriya duk mako biyu, yana kuma fesa maganin ciyawa a gindin katanga. Wani maƙwabcinmu masunci ya ce muna ɓata ruwa. Da gaskiyarsa?
Daga wata uwa, Argungu

Amsa: Hajiya, da gaskiyarsa, kuma na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki yi fushi da shi.

Yuriya taki ce mai ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ga saurin narkewa kamar gishiri. Ciyawar tsakar gida ba ta iya cinye abin da ake zuba mata duk mako biyu. Ragowar ruwan sama ne zai kwashe, ya bi kwata ya faɗa fadama, daga nan sai gulbi. A can gansakuka da kainuwa ke samun abinci, su rufe fuskar ruwa kore shar. In sun mutu suka ruɓe, sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Shi ya sa wani lokaci da asuba ake ganin ƙarfasa sun taso saman tafki suna buɗe baki. Takin NPK ma bai tsira ba, fosfaras ɗin da ke cikinsa na daga manyan abubuwan da ke haɓaka gansakuka.

Gidanki kaɗai ba zai lalata gulbin Matan Fada ba. To amma ki haɗa shi da na maƙwabta da gonakin shinkafar da ke fadama. Gulbin nan da ake bikin kamun kifi a cikinsa tun 1934 shi ne abincin gidaje da yawa.

Taki sau biyu a damina ya isa, kaɗan-kaɗan: in ruwa ya zauna, sai kuma wajen Satumba. A marka ta Agusta kada a zuba, haka ma duk ranar da hadari ya haɗo. Ƙwayoyin da suka faɗa kan siminti a share su a mayar cikin ciyawa. In an yi yanka kada a aske ta ƙwal, kuma a bar yankakken a wurin, taki ne kyauta.

Maganin feshin kuwa ki hana, Hajiya, tunda yara ke birgima a wurin. Fartanya ta isa gindin katanga. In har ya zama dole, kada mai kula da ciyawar ya wanke famfon feshi a kwata ko a bakin ruwa.

Sannan ki sa a dasa ciyawar jema layi biyu, a matse, a inda ruwa ke fita daga gidan. Saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai, tana rage gudun ruwa, tana tare laka da ragowar taki kafin su kai fadama. Ki tambayi maƙwabcin naku, ba zai rasa sanin inda za a samo tushenta ba.