Tambayi Bakanike: Birki ya ɗauke mana a gangaren Mampong, daga baya ya dawo da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi. Ina da jif otomatik ƙirar 2012, shekara 4 ke nan da na saye ta a hannun wanda ya shigo da ita ta Tema. Watan jiya muka je suna Ejura, mu 7, da za mu dawo 'yan'uwa suka loda mana buhun masara 2 da doya a baya. Babban ɗana ne ke tuƙi. Mun wuce Mampong, muna tsakiyar gangaren nan kafin Jamasi, sai ya ce, "Baba, birki ba ya ci." Ya taka har ƙasa, ba komai. Allah ya taimaka ya yi ta takawa yana saki, ya ja na hannu, muka samu muka tsaya a gefe. Bayan kamar minti 40 ya sake gwadawa, birki ya dawo garau. Wani bakanike a hanya ya duba ya ce mai bai ragu ba, ba inda ke yoyo, fad ma da saura. Uwargida ta ce hannu aka sa mana. In ci gaba da hawa ko in sayar? — Wani Alhaji, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. A gaida Hajiya, a ce mata addu'a ba ta yin yawa, amma wannan karon babu hannun kowa. Ƙafar ɗanka ce da tsohon man birki suka haɗu.

Bakaniken nan bai yi maka ƙarya ba, ya dai duba mota ne bayan ta huce. Abin da ya faru man birkinku ne ya tafasa. Birki ba shi da wata dabarar tsayar da mota sai goga: fad ya matse faifai, gudu ya koma zafi. In gangare ya yi tsawo kuma direba ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba, zafin nan yana bi ta ƙarfe ya isa ga man da ke cikin kalifa, wato abin da ke matsa fad a jikin faifai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka a nan yake turawa a can. Amma da zarar ya tafasa ya yi tururi, tururin kake matsawa, ƙafa ta tafi har ƙasa taya ba ta san ana yi ba. Da kuka zauna minti 40 tururin ya koma ruwa, birki ya dawo. Dawowar nan ita ta fi ba ni tsoro, don ita ke sa mutum ya ce ai an wuce wurin, ya sake hawa gangare da mai ɗin nan dai.

Me zai sa mai ya tafasa? Ɗauki kwalbar man birki ka duba, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Matsalarsa ɗaya, yana zuƙar danshin iska a hankali, ko ba a buɗe murfi ba. In ya sha ruwa kamar kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 na iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. To mu da ke Kumasi, damina biyu a shekara, ka lissafa abin da mai ya sha cikin shekara 4. Kuma zan iya rantsuwa ba ka taɓa juye shi ba tunda ka sayi motar, watakila ma wanda ke ciki tun daga Amurka yake. Ba kai kaɗai ba ne. Na haura shekara 30 a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, masu zuwa juyen baƙin mai ba sa ƙirguwa, amma wanda ya taɓa shigowa da ƙafarsa ya ce "Masta, juye min man birki" ba tare da wani abu ya faru ba, zan iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Ka'ida duk shekara 2 ne, a zubar da tsohon gaba ɗaya ta tayoyi huɗu a cire iska. Ƙari a kan tsoho ba juye ba ne.

Sai maganar nauyi, wadda masu jif ba sa son ji. Mutum yana zaune can sama yana ganin kan kowa, sai ya ɗauka birkinsa ma ya fi na kowa. Prado ba kowa a ciki ta haura tan 2, Corolla ba ta kai tan 1.5 ba. Ku kuma kun ƙara wa taku mutum 7 da masara da doya, fiye da rabin tan ke nan. Duk wannan nauyin zafi zai koma a kan faifai huɗu. Gudu kuma ya fi nauyi mugunta: in ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai haɗiya kafin mota ta tsaya ya ninka sau huɗu.

Yanzu ɗanka. Na yaba masa, bai rikice ba, kuma bai kashe inji ba. Amma ka tambaye shi a wace giya ya sauko. Na san amsar, D ce tun daga Ejura. Yaran da suka koyi tuƙi da otomatik ba su san amfanin 3 da 2 da L da ke ƙasan D ba, wasu motocin kuma alamar ƙari da ragi ce. Don irin gangaren Mampong da na Aburi da na Nkawkaw aka sa su. Tun daga sama, kafin mota ta ɗauki gudu, a sauke ta zuwa 2, inji ya riƙe ta. Zai yi kuka, a bar shi ya yi, ba abin da zai same shi. Birki kuma a taka da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Masu saka mota a firi a gangare wai suna tattalin mai, su kam ba ni da abin ce musu sai Allah ya shirye su.

In ya sake faruwa, Allah ya kiyaye: a ɗaga ƙafa daga totur, a yi ta taka birki da sauri ana saki, a sauke giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu a hankali da yatsa kan maɓallinsa, don in aka fizge shi tayoyin baya za su kulle, jif kuma tana da bisa, ba ta da wuyar kifewa. Kar a kashe inji, sitiyari zai yi tauri, birkin ma ya rasa taimakon da inji ke ba shi. In duk ya ƙi, gara a goga gefen mota da jikin tudu da a bi ta wajen kwari.

Kar ka sayar. A juye mai da irin wanda aka rubuta a kan murfin gwangwaninsa, daga sabuwar kwalba da aka fasa a gabanka, kar a kuskura a zuba DOT 5, shi daban ne, ba ya haɗuwa da waɗancan. A duba ko akwai kalifar da ke maƙalewa, don ita ma tana dafa mai ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sannan a ɗaga motar a bi bututun birki na ƙarfe da fitila daga gaba har baya. Motocin da suka zauna a Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, fenti na sheƙi a sama, ƙasa tsatsa ta cinye. Na sha taɓa irin bututun nan da sukundireba ya ɓarke a hannuna.

Tambaya: Masta, in na taka birki da ƙarfi a hanyar burji sai in ji yana harbin ƙafata yana gurnani, sai in yi maza in saki. Ya lalace ne? — Wata malamar makaranta, Nima, Accra

Amsa: Malama, lafiyarsa lau. ABS ne ke aikinsa, yana kamawa yana saki da sauri don kar tayoyi su kulle ki rasa sitiyari. Sakin da kike yi shi ne kuskuren. Ki danne ki riƙe, ki bar shi ya yi gurnaninsa. In kuma karkarwar tana zuwa a kan kwalta da ɗan taki kaɗan, har sitiyari na rawa, wannan faifai ne, a duba shi.

Tambaya: Baba Masta, in na tsaya a danjar Amakom ƙafata na kan birki, sai ya riƙa nutsewa a hankali, in na ɗaga na sake takawa ya dawo. Ogana ya ce a bari sai bayan Sallah. — Wani direban gida, Asawase

Amsa: Ɗana, duba gwangwanin mai da safe. In yana raguwa, yoyo ne, ka leƙa bayan tayoyi za ka ga jiƙa. In ba ya raguwa, robobin cikin masta silinda, wato famfon da ke tura man birki in ka taka, su ne suka gaji, mai yana zagaye su maimakon ya tura. Ko wanne ne, ba ya jiran Sallah. Kai wa oganka wannan shafi, ka ce ni na ce kar motar ta ɗauki yara makaranta gobe. A kawo ta gareji, a ja ta ma in da hali, aikin wuni ɗaya ne.