Liyafa, fatan alheri da "ƙazantar ɗaki"

Wani matashi ya rubuto yana cewa: "Malam, amini na zai yi aure, an ɗora mini yin jawabi a wurin liyafa, kuma an ce in rufe da abin nan na Turawa da ake ɗaga kofi. Mece ce Hausarsa? Sannan liyafa da walima abu ɗaya ne?"

Ɗana, bari in fara da ta ƙarshen. Duka biyun aro ne daga Larabci, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Walima asalinta abincin da ake ciyarwa saboda aure, kamar yadda Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya guda ce. Bahaushe ya faɗaɗa ta, har muna cewa walimar saukar Alƙur'ani. Liyafa kuwa daga "diyafa" take, wato karɓar baƙo da girmama shi. Za ka ce to ina "l" ta fito? Harafin Larabcin da muke kira lodi a makarantar allo, idan ya shigo Hausa sau da yawa "l" yake komawa. Ta haka muka samu alƙali, alwala, farilla, larura da lamiri. Ke nan ana iya shirya wa babban baƙo liyafa ba tare da an ɗaura wa kowa aure ba.

Shi kansa jawabi ma'anarsa a Larabci amsa ce. Ina son ka riƙe wannan idan ka miƙe: an karrama ka ne, kai kuma kana mayar da amsa. Mai ba da amsa ba ya cinye lokacin mutane.

Batun ɗaga kofi kuma, ba mu da kalma guda da ta tsaya a madadinsa, kuma ban ga dalilin ƙirƙiro ta ba. Kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita, wato "toast", ta samo asali ne daga gasasshen burodi da suke jefawa cikin abin sha a da. Idan ka cire kofin, me ya rage? Mutum ɗaya ya yi wa ango da amarya fata nagari, jama'a su amsa da baki ɗaya. Wannan shi ne fatan alheri, kuma harshenmu yana da ginin jimla na musamman dominsa: "Allah ya ba da zaman lafiya", taro ya ce amin. Ka lura da "ya" ɗin nan. A rubuce kamanninta ɗaya da ta "Audu ya ba da kuɗi", amma a baki sun bambanta. Ta labari doguwa ce mai karin sauti sama, ta roƙo gajeriya ce mai karin sauti ƙasa. Idan kana karantawa daga takarda ka ja ta, ka mayar da addu'a labari, kunnen dattawa kuwa zai ji.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce a bikin ƙanwarta ta ji wata dattijuwa ta karɓi lasifika ta ce "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki", ranta ya ɓaci. Tana tambaya ko habaici ne.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan na cikin addu'o'i mafi daɗi da ake yi wa amarya. Haihuwa ake nufi. Ki dubi ɗakin amarya a makon farko: shimfiɗa a miƙe, kwanuka suna ƙyalli, babu abin da ya kauce daga wurinsa. To ki dawo bayan shekara biyu, ki tarar da tsumma a kan igiya, cokali a ƙarƙashin gado, sawun ɗan hannu a jikin madubi. Wannan ƙazantar ce dattijuwar take roƙa wa ƙanwarki. Kunya ce ta haifi salon, domin ba a cika ambaton ciki da haihuwa kai tsaye a gaban surukai ba, sai a sakaya. Ni kam duk lokacin da na ji ta a bakin tsohuwa, sai in ji daɗin cewa maganar ba ta ɓace ba.

Na uku ya tambayi karin maganar da ta dace da irin wannan jawabi. A nan nake jan kunne, saboda na taɓa gani da idona. Wani abokin ango, da kyakkyawar niyya, ya ɗaga murya ya ce "amarya ba kya laifi", maimakon ya tsaya nan sai ya ƙarasa: "ko kin kashe ɗan masu gida". Mahaifiyar ango tana zaune a layin gaba. Na ga ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, tafin da aka fara kuma ya mutu a hannun mutane. Kirarin yana nufin sabuwar amarya a shagwaɓe take, ana kawar da kai daga kurakuranta. Tsakanin ƙawaye wasa ne, amma a lasifika, gaban wadda ta haifi ɗan, nauyinsa daban ne. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Don haka kafin ka ɗauki kowace karin magana, ka faɗe ta a ranka har ƙarshenta, sannan ka duba wa ke zaune a gabanka.

"Zo mu zauna, zo mu saɓa" gaskiya ce, haka ma "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa", sai dai sun fi kyau a bakin iyaye da kakanni. Saurayin da bai yi aure ba ya bar musu nasiha. Nasa shi ne ya faɗi hali guda na kirki da ya sani game da ango, ya gode wa iyayen ɓangarorin biyu, ya ce "Allah ya bar ƙauna, Allah ya kaɗe fitina", ya jira amin, ya miƙa lasifikar.