Tsohon sojan da yake yin wata uku ya koma gona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne. Na karanta labarin wani tsoho Ba'amurke da ya nemi fansho a 1832, yana cewa ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci daga Birtaniya. Amma na ga wata uku yake fita ya dawo gida, sai an kwana biyu ya sake fita, har sau huɗu. An ce ɗan sa-kai ne. Yaya mutum zai riƙa zuwa yaƙi yana dawowa kamar mai cin kasuwa, kuma a kira shi tsohon soja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kalmar sa-kai ce ta fara ɗaure maka kai, don mutanen nan ba su suka sa kansu ba, doka ce ta sa su. Tun kafin yaƙin ya ɓarke a 1775, kusan duk yankunan nan 13 da Birtaniya ke mulka suna da dokar da ta wajabta wa namiji mai lafiya, daga shekara 16 zuwa 50 ko 60, ya shiga rundunar gundumarsa, ya tanadi bindiga, ya halarci atisaye 'yan kwanaki a shekara. Gara ka kira su sojojin gari. Akwai kuma rundunar ƙasa da majalisar haɗin gwiwar yankunan ta kafa a watan Yuni 1775 ƙarƙashin George Washington, inda mutum ke sa hannu na shekara guda, daga baya ma shekara uku ko sai yaƙi ya ƙare.

Sojan gari manomi ne, kuma ba a kwashe mazan gari duka a bar gonaki. Sai a kasa su kashi-kashi, wannan kashi ya fita wata biyu ko uku, ya dawo wani ya karɓe shi. Wanda layi ya zo kansa yana iya biyan wani ya je masa, ko ƙane ya tafi a madadin wansa, ɗa a madadin uba. A Virginia har bayi aka tura a madadin iyayengijinsu, kuma a 1783 majalisar jihar ta yi dokar 'yanta waɗannan bayin. Yawancin fitar ma ba ta fagen daga ba ce: gadin gada, rakiyar amalanken abinci, tsaron fursunoni, farautar maƙwabtan da ke goyon bayan sarkin Ingila.

Washington bai yarda da sojojin gari ba. A 1776 ya rubuta wa majalisa cewa dogaro da su tamkar jingina ne da karyayyen sanda. Yana da hujja. A Camden, cikin Agusta 1780, da sojojin Birtaniya suka danno da wuƙaƙe a bakin bindiga, sojojin gari suka watse, da yawa ko harbi ɗaya ba su yi ba. Amma ni ina ganin laifin ya fi ƙarfi wajen mai jera su. Dubi abin da wani janar ɗin Amurkawa, Daniel Morgan, ya yi a yaƙin Cowpens ranar 17 ga Janairu 1781. Ya san ba za su tsaya ba, sai ya sa su a gaba ya ce harbi biyu kawai yake so, sannan su ja da baya. Suka harba, suka juya. Mutanen Banastre Tarleton, kwamandan Birtaniya, suka ɗauka gudu ne, suka biyo a guje ba tsari, sai ga su gaban sojojin ƙasa, ga mahaya ta gefe, ga waɗanda suka "gudu" sun zagayo. Kusan duk rundunar Tarleton aka kashe ko aka kama.

Yanzu maganar fansho, kuma nan ne amsarka take. Dokar 1818 sojojin ƙasa kawai ta duba, su ma sai wanda ya yi wata tara kuma yake cikin talauci. Sojojin gari sai da suka jira dokar 7 ga Yuni 1832. Ita ce ta yarda a haɗa guntayen fitar nan a yi jimla: wata shida ya isa a ba ka wani abu, shekara biyu cikakken fansho, dala 80 a shekara ga ƙaramin soja. Tsohon naka, fita huɗu ta wata uku-uku, shekara guda ke nan, dala 40.

Sai dai ina shaida? Yaron da ya fita yana ɗan 18 a 1780 ya kai 70. Takardar sallama, in ma an ba shi, ta daɗe da ɓata, ga gobarar 1800 da ta cinye takardun ma'aikatar yaƙi. Don haka sai ya je kotun gundumarsa ya yi rantsuwa, a jero masa tambayoyi: ina aka haife ka, a wace shekara? Kana da shaidar shekarunka? Kiran ka aka yi, ko kai ka kai kanka, ko a madadin wani ka je? Su waye hafsoshinka? Tsoho na magana, akawu na rubutawa. In babu abokin fita da ya rage a raye, sai ya kawo malamin coci da wani maƙwabci su rantse cewa a garin an san shi da wannan aiki kuma sun gaskata. Irin waɗannan fayiloli kimanin 80,000 ne ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Amurka, kuma su ne kusan kaɗai wurin da za ka ji bakin ƙaramin soja.

Ka karanta da lura. Tsoho ba ya manta sunan kyaftin ɗinsa, ko kogin da ya haye cikin sanyi, amma yana cakuɗa shekaru, kuma tunda kowane wata kuɗi ne, lissafin watanni yakan ɗan kumbura. Ofishin fansho ya san haka, ya yi fatali da dubban buƙatu, wasu don ƙarya, wasu don kawai jimlar ba ta kai wata shida ba. In kana son tantance tsohon naka, nemo fayilolin wasu da suka ambaci kyaftin ɗaya da shi, ka jera hanyoyin da suka ce sun bi, ka ga ko sun haɗu.