Hukuncin karatun launi da ma'adinan duwatsun duniyar Mars

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne ina karanta ilmin duwatsu a jami'a, aikin da aka ba ni kan jan launin ƙasar Mars ne da ma'adinan cikinta, to kawuna ya ce in bari wai ilmin taurari ne kuma kutse ne cikin gaibu. Ya halatta in ci gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ci gaba da karatunka, halal ne.

Kawunka yana da abin da ya dogara da shi, akwai hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya ɗebi wani ilmi daga taurari ya ɗebi yanki na sihiri. Amma malamai sun raba abin gida biyu, akwai ilmin ta'asiri, wato duba, a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai mutu ko auren wance ba zai yi albarka ba, wannan shi ne haram. Naka kuwa kallon halitta ne da awo, kuma abin da na'ura ta taɓa ta auna ya fita daga gaibu.

Buɗe Suratu Faɗir aya ta 27, Allah da kansa ya ja hankalinmu ga duwatsu masu zane fari da ja, launinsu daban-daban, da baƙaƙe wuluk. Ni duk sanda na zo nan sai na tsaya, don ayar da ke bi mata ita ce ta ce malamai ne ke tsoron Allah cikin bayinsa.

Jan nan na Mars ai tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ƙurar ne ya yi tsatsa, irin abin da ya sa marmararmu ta yi ja. Motar Curiosity da Amurka ta sauke can a 2012, da ta huda dutse a 2013 sai ga garin da ya fito ruwan toka ne ba ja ba, har da yumɓu a ciki, alamar ruwa ya taɓa zama a wajen.

Sharaɗina ɗaya ne, abin da aka auna ka ce an auna, abin da hasashe ne kamar ko an taɓa rayuwa a can ka bar shi a hasashe, kar ka jawo aya ka ɗora masa da ƙarfi, in gobe bincike ya canza sai jahili ya ce Alƙur'ani ne ya yi kuskure.

Kawu kuma ka je masa da ladabi, ka karanta masa ayar nan. Wallahu a'alam.