Ku Tambaya Mu Amsa: Ya ci 214 a JAMB amma shiru, wai sai da hanya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce daga Tudun Wada nan Zariya. Ɗana ya ci 214 a JAMB, ya cike likitanci a wata jami'ar tarayya, har yau sunansa bai fito ba, amma ɗan maƙwabciyata mai 186 tuni har ya fara rijista. Yaron nan ko abinci ya daina ci sosai. Ana ta ce min sai da hanya, wani ma ya ce in kawo kuɗi zai sa a saka sunansa. Dan Allah meye gaskiyar abin?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Da farko kuɗin nan ki riƙe abinki. Tun 2017 JAMB ta kawo wani tsari a intanet da ake kira CAPS, jami'a ce ke zaɓen ɗalibi ta tura sunansa can, JAMB ta amince, shi kuma yaro ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa. Duk admishan da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma ba yanzu za a ji zafin ba sai yaro ya gama karatu an zo batun bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa.

Toh batun 186 da 214, ki tambayi maƙwabciyar taki wane kos aka ba ɗanta, na san da wuya ya zama likitanci ne. Makin da kike ji ana sanarwa duk shekara, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 cikin 400, wannan mafi ƙaranci ne kawai, kowace jami'a tana da damar ɗaga nata, sannan a cikin jami'ar ma kowane sashe da inda layinsa ke yankewa. Kamar mota ce a Kwangila, isowarka tasha ba shi ne samun kujera ba, wata hanyar fasinja sun yi wa motar yawa wata kuma ɗan kamasho ne ke ta kira. Likitanci ma hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade adadin da kowace jami'a za ta ɗauka, ko shugaban jami'a bai isa ya ƙara yadda ya ga dama ba. 214 maki ne mai kyau wallahi, ki faɗa wa yaron haka, amma a likitanci da famasi da lauya sai ka tarar da ɗimbin yara a gabansa.

Sannan a jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi uku, 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Mutanenmu suna dogara da wannan sosai amma ni a ganina bai taimakonmu yadda muke zato, domin yawancin jihohin Arewa suna cikin rukunin nan, in yaro ya nemi jami'ar Arewa da 'yan uwansa masu irin gatansa zai kara.

Yanzu ga abin da na fi so ki duba yau ɗin nan, rizal ɗinsa na WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kuma mai neman likitanci dole sauran ukun su zama Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, wasu jami'o'in ma a zama ɗaya suke so. Kiredit daga C6 yake farawa zuwa sama, D7 da E8 ba kiredit ba ne ko da yaro ya ce miki ai ya ci. Kuma ya ɗora rizal ɗin a shafin JAMB kuwa? Yara da yawa suna yin rijista kafin rizal ya fito, in ya fito sai su manta su koma santar JAMB a ɗora musu, ita kuma jami'a ba za ta tura sunan wanda ba a ga rizal ɗinsa ba komai makinsa. Ki kuma tambaye shi ko ya yi sikirinin ɗin jami'ar, wato tantancewar da ita jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB, da me ya samu, don shi ma ana duba shi.

In duk wannan lafiya lau ne to ya riƙa leƙa CAPS da kansa, wani lokaci jami'a kan yi tayin wani kos daban sai yaro ya amince kafin a ba shi. Zai iya canja kos tun ba a rufe ba. In kuma ya kafe sai likitanci, ko ya sake JAMB baɗi da shiri mai kyau, ko ya bi ta IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da jarrabawarsa, ana yi a wurare irin su makarantar SBRS ta ABU da ke Funtuwa, mai sakamako mai kyau sai ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Amma can ɗin ma gasar likitanci ba sauƙi, kar wani ya yi miki alkawari.

TAMBAYA: Malam ƙanwata shekararta 15 za ta gama sakandare bana, za a ɗauke ta? Daga wani mai karatu a Samaru.

AMSA: Ƙa'ida dai 16 ce ɗan'uwa. A 2025 JAMB ta buɗe wata 'yar ƙofa ga masu baiwa ta musamman, sai wanda ya ci 320 zuwa sama sannan a sake tantance shi. Kar dai a taɓa mata ranar haihuwa, da NIN ake rijistar JAMB tun 2021, in takardu suka saɓa gyaran ya fi jiran shekara ɗaya wahala.