Amsa: Dole ne sai an bi littafan Perry Mason a jere?

Wa alaikumus salam Malama. Kin ce kin tsinci tsofaffin littafan labarin Perry Mason, lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, a akwatin marigayi babanki, Allah ya jiƙansa, kina tambaya ko dole sai kin bi su a jere. A'a wallahi, kowanne da shari'arsa daban, kuma guda 82 ne fa, in kika ce sai kin haɗa su duka kafin ki fara to furfura za ta riga ki.

Ni na yi wannan kuskuren, na nace sai na fara da na farkon, The Case of the Velvet Claws na 1933, ina ta jiran a shiga kotu har na kai shafin ƙarshe ko ƙofar kotu ba a taka ba, haushi kamar in yi jifa da shi. Ki duba bayan bango ki ga shekara, ki ware na 1940 zuwa sama, lokacin an riga an samu Hamilton Burger lauyan gwamnati da kullum yake shan kaye da kuma Laftanar Tragg ɗan sanda, ga Della Street sakatariyar Mason da Paul Drake mai bin diddigi, a nan ne abin ya nuna.

Daɗin yana wajen tambayar shaida, mutum ya zo ya rantse yana ta cika baki, Mason ya bar shi ya yi ta zuba, sai ya ɗauko wata 'yar magana da ya faɗa shafi talatin baya, ƙarfe nawa ya ce ya ji ƙarar bindiga, shi ke nan ƙarya ta ƙare. Ni har fensir nake riƙewa ina rubuta lokutan a gefen shafi, duk da haka ba kasafai nake canko mai laifin ba. Erle Stanley Gardner da ya rubuta su lauya ne na gaske a Kalifoniya, shi ya sa ya san inda shaida ke tuntuɓe, yawanci ma tun a zaman sauraren farko Mason yake kashe maganar.

Amma kar ki karanta uku a jere, za ki gano salon ki gundura, don kusan kullum wanda Mason yake karewa ba shi ya yi ba. In kina son wanda shari'ar ke tafiya a hankali kamar ta gaske, nemi Anatomy of a Murder na 1958, alƙali ne a Mishigan ya rubuta shi, sai dai yana da kauri, kuma akwai maganar fyaɗe a ciki, kar ki bar shi inda yara za su ɗauka.